Yaɓen Bangon Inna

Gidanmu na Magariya a kan hanyar tasha yake, kuma bangon da ya fuskanci titi shi ne bayan ɗakin Inna. Bangon ƙasa ne, dogo, ba taga ba ƙofa, sai indararo guda a sama. Tun Baba yana da rai, kowace shekara idan zafin bazara ya kai maƙura, hadari ya fara leƙowa, sai a kwaɓa ƙasa da ramno a bar ta ta ruɓa, sannan a yaɓe shi daga sama har ƙasa. Wanda ya zauna gidan ƙasa ya san wannan aikin ba na ado ba ne. Ruwan wajenmu da iska yake zuwa, kuma bangon nan shi yake fara samu. In aka hana shi yaɓe shekara guda, damina za ta ci rabonta ta tafi. In aka sake hana shi a ta biyu, to mai ɗakin ta fara neman inda za ta kwana.

Da Baba ya rasu sai aikin ya dawo kaina, ni da Baffa ƙanensa. Ni ne auta, kuma ni kaɗai ne namiji. Ina koyarwa a lakwal, makarantar boko ta wani ƙauye a yankin Dungas, sai yammacin Juma'a nake hawo moto, wato babur, in zo in duba Inna. Cikin duk waɗanda ta haifa mu biyu muka rayu, ni da Yaya.

Yaya kuwa ta tafi Aljeriya. Mijinta ya shiga Najeriya cin rani ya yi shiru, gonar da ya bar mata ba ta ba da abin da zai kai su lokacin sanyi ba. A shekarun nan mata suna ta tafiya arewa. Ɗaya za ta dawo da katifa da kwanuka, sai rabin unguwarsu su ɗaura zane su bi ta. Yaya ta goya ƴarta ƙarama ta bi sahu. Ta kira mu daga Agadas, ta sake kira daga Arlit ta ce gobe za su shiga mota. Daga nan ba mu ƙara jin muryarta ba. Na tambayi shofarori masu tuƙa motocin arewa, na tambayi jandarmomi, na tambayi mutanen da ban san ma me ya sa nake tambayarsu ba. Ba wanda ya ce ta mutu, ba wanda ya ce ya gan ta. Da abin ya daɗe Baffa ya kawo maganar a yi sadaka, a karɓi gaisuwa, kowa ya huta. Inna tana tsintar wake a lokacin. Ta ce, “Wa aka binne?” Ta ci gaba da tsintar wakenta, ba a sake tayar da maganar ba.

Ba mu da hotonta. Wanda ke jikin kartinta na shaidar ɗan ƙasa ya tafi tare da ita. Ni da nake yawo da salula mai ɗaukar hoto, na ɗauki ƴan makaranta, na ɗauki raƙumi, har butar shayi na ɗauka, amma Yaya babu. Wa ke ɗaukar yayarsa hoto? Tana nan kullum gaban kaskon ƙosanta, tana yi maka faɗa.

A ƙarshen layinmu akwai fada, wato inda samarin unguwa ke zama suna dafa shayi suna gyara duniya da baki. Cikinsu akwai wani mai zane, siriri, wanda kullum farcensa da fenti. Shi ke zana allon masu aski da bayan kamiyo, manyan motocin nan na ɗaukar kaya. Yana da wani hali da duk gari ya sani: ba ya iya zana fuskar da bai sani ba. In ka tsaya gaban shagon aski ka duba kawunan da ke jikin allon, za ka ga mai nama, ka ga ɗan kabu-kabun bakin kasuwa, ka ga wani malamin da ya taɓa zane shi a lakwal, an yi masa askin ƴan iska. Mutane suna dariya, shi kuma yana rantsuwa cewa ba da gangan yake yi ba.

To, samarin nan da yawansu akwai wadda ta tafi musu, wani uwa, wani ƙanwa. Sai suka yanke shawarar su sa bangayen hanyar tasha su yi magana, tunda su sun yi har sun gaji. Ba wani furoje na ƙungiyoyin agaji da ya aiko su, ba wanda ya ba su hula ko riga mai rubutu. Su suka haɗa fentinsu. Sun zana kamiyo a kafe cikin rairayi a wani bango kusa da kasuwa, sun zana takalman yara a watse a wani. Da suka iso namu, suka tambayi Baffa, Baffa ya ce su tambayi mai ɗakin. Inna ta ce bango ne, su yi abin da za su yi, kada dai su toshe mata indararo.

Ranar da na fara ganin zanen, na shigo layin da yamma na tarar da mutane tsaye ƙofar gidanmu, suna ganina suka dare. An shafe bangon da farar ƙasa. A tsakiyarsa ga mace tsaye, ta fi mutum tsawo kaɗan, da goyo a bayanta, da bido, wato jarkar ruwa, a hannu an juya bakinsa ƙasa, babu ko ɗigo. A samanta an rubuta da jan fenti, KADA KI TAFI. Bakinta a ɗan buɗe yake, wushiryar ta fito. Kallabin ya karkata gefen hagu. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, irin ta wadda ta shekara da shekaru tana ɗaukar kasko a gefe guda. Yaya ce. Ko makaho aka kawo ya shafa, zai ce Yaya ce.

Na tsaya a kan moton ban kashe shi ba. Ina jiran in ji wani abu, fushi ko kuka ko ma jiri, amma ba abin da ya zo. Abin da na lura da shi kawai shi ne an ɗiga fenti a kan dakalinmu.

Mai zanen yana tsugune gefe, ya haɗa kai da gwiwa. Na ce masa, “Kai, me ke nan ka yi?”

Ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, “Wallahi Mushe ban yi niyya ba. Mace kawai na ce zan zana. Sai da na sauko daga kan tsani na ja baya na duba, sannan na gani.”

“Duk matan garin nan ba ka samu wata ba?”

“Tun ina aji ɗaya ƙosanta nake ci, Mushe. Hannun ne ya tafi can. In ka ce in goge, gobe da sassafe zan goge, ko in sauya fuskar.”

Na ce ya goge, da fuskar da komai.

Inna ba ta fito ba sai da mutane suka watse. Yaya ƴar farinta ce, kuma Inna mutuniyar da ce, mai riƙe da kunyar ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunanta ba, sai dai “waccan” ko “yarinyar nan”. Ban taɓa ganin ta zuba mata ido a gaban mutane ba. Ko ranar tafiyar, ta cikin ɗaki ta ce Allah ya kiyaye hanya. Amma ran nan ta fito da sandarta, ta tsallaka titi don ta gani da kyau, ta tsaya tana kallo har aka kira magariba. Da ta dawo ta wuce ni a zaure ta ce, “A bar shi.”

Na ce, “Inna, me za a bari?”

Ta ce, “Bangon.”

Daga wannan makon Inna ta koma zama a waje. Matar da in ba gaisuwar mutuwa ba ba ta leƙa titi, sai ga ta da tabarma da faifan gyaɗa a gindin bango tun hantsi. Gyaɗar dai sunan sayarwa ce, rabinta yara take ba wa. Ta share wurin, ta yayyafa ruwa. Akuyar da ta zo soshe jikinta a bangon ta sha sanda. Wani bawan Allah baƙo da ya zo zai tsuguna a kusurwa, har yau ina jin bai manta Magariya ba. Wani malamin unguwa ya zo ya ce hoton mai rai a bango bai dace ba, a ƙalla a ja layi a wuyanta don ta tashi daga siffar mai rai. Inna ta ce masa ya ja a wuyan tasa ƴar. Bai sake biyowa ta layin ba sai a ɗaya gefen titin.

Samarin fada sun ji daɗi da farko, don bangonmu ya fi duk sauran jan mutane. Har daga Bande da Sassumbrum ƴan cin kasuwa suna tsayawa su kalla. Amma ba a daɗe ba abin ya juya musu. Masu haɗa matafiya da mota ba sa son a ga taron mata cikin tasha, suna neman wurin da kowa zai gane ba sai an yi kwatance ba. Sai suka fara cewa a haɗu gindin mai bido. Da safe za ka ga mata da ƙullin kaya da yara suna zaune a gindin bangon, a ƙarƙashin jan rubutun nan, suna jiran a zo a kwashe su. Yawancinsu ba su yi lakwal ba, rubutun bai ce musu komai ba. Waɗanda suka iya karantawa kuwa sun karanta, sun gyara goyo.

Inna ba ta hana kowa ba. Sai ta yafito mace da hannu ta ce, “Ke ƴata, zo nan. Arewa za ki?” In ta ce e, sai ta ce, “To ɗaga kai ki dubi nan da kyau. Kin ga wushiryar? Kin ga kafaɗar? Yarinyar bayanta yanzu ta yi wayo, tana tafiya da ƙafarta. In kin gan ta, ki ce ana nemanta a gida.” Sannan ta ƙulle mata gyaɗa a bakin zane.

Babban fadar ya zo ya durƙusa gabanta, ina zaune a dakali ina ji. Ya ce, “Inna, mu fa don su fasa muka yi zanen nan. Yanzu kuma ke ce kike sallamarsu har da guzuri.”

Ta ce, “Ɗana, wadda yunwa ta taso daga ɗakinta, bango ne zai tsayar da ita? Tunda za su, su tafi da idanu.”

Ya tashi ya tafi yana girgiza kai. Ni ban goyi bayan kowa ba. Na lura a lokacin na zama mutumin da ke zama a dakali yana jin maganganu, kamar ana yin su a rediyon maƙwabta.

Da bazara ta zo, Baffa ya sa aka kawo amalanken ƙasa aka juye a ƙofar gida kamar kowace shekara. Inna ta fito ta ga tulin, ta dubi Baffa.

Ya ce, “Innarsu, lokacin yaɓe ya yi.”

Ta ce a yaɓe sauran gidan. Ya ce sauran gidan ba shi ruwa ke duka ba. Na sa baki na ce ai na ɗauki hoton zanen a salula, ba zai ɓata ba, kullum ta so gani zan nuna mata. Ta juyo ta dube ni, irin kallon da take yi mini ina yaro in na faɗi abin wauta a gaban baƙi. Ta ce, “Ƙasa kuke so ku zuba mata a fuska? Ina raye, ina kallo?”

A nan na gane abin da muke ciki, kuma na gane ba maganar magina ba ce. Tulin ƙasar ya zauna a titi ya bushe, maƙwabta suka yi ta ɗiba da kwano suna toshe ramukan ɓera har ya ƙare.

Daminar farko Inna ta yi ta da leda da zana. Da ta ga gabas ta yi baƙi sai ta kira duk wanda ke kusa a kafa ƙusoshi a rataya leda, a jingina zana, a danne da duwatsu. Iska ta zo ta yi wasa da su ta jefar a gidan wani. Jan rubutun ne ya fara tafiya, ya zubo layi-layi ya shige ƙasa. Sai bidon, sai ƙafafun, sai gefen zanen da ta ɗaura. Fuskar da kan yarinyar suka tsira, don a nan Inna ta fi ninka leda. Gindin bangon kuwa, inda ruwan titi ke bi, ya zaizaye ya shiga ciki. Da kaka ta yi, Yaya tana tsaye a bango daga ƙugu zuwa sama, ƙasanta babu komai sai tubali a fili.

Na yi ƙoƙarin da zan iya. Na je Damagaram aka wanke mini hoton da girma, aka sa shi cikin gilashi. Inna ta karɓa ta juya shi, ta ce wannan ai hoton bango ne, ta jingine shi bayan randa. Na sa mai zanen ya sake yin ta a kan allon katako, yadda za a yaɓe bango a rataya allon. Ya zo ya zauna gabanta da fentinsa yana duba yana kwaikwaya, ya yi ya goge, ya yi ya goge. Abin da ya fito wata mace ce kyakkyawa mai wushirya wadda ba wanda ya sani. Ya ce mini, “Mushe, da ban neme ta ba ta zo. Yanzu da nake nemanta ta ƙi.” Wani mai shayi ya karɓi allon ya rubuta farashin burodi a bayansa.

Rani ya shiga, bangon ya tsage daga indararo har kusa da kafaɗarta. Wata rana na shiga ɗakin Inna da rana tsaka na ga siririn haske kwance a kan gadonta, na bi shi da ido na ga ta tsagar yake shigowa. Na kira magini, wani dattijo da ya yi aiki da Baba. Ya tsuguna ya zura hannu cikin ramin gindin bangon har gwiwar hannu. Ya ce in an cike gindin aka ɗinke tsagar aka yaɓe yanzu, zai tsaya. In ba haka ba, ba zai ga ƙarshen damina ba, kuma irin wannan ciki yake faɗawa, ba waje ba. A gaban Inna ya faɗa. Ta ce ta ji, ta tambaye shi lafiyar iyalinsa.

Na ce to ta koma ɗakin Baba, tunda a rufe yake. Ta ce ɗakinta nan ne. Gadon ma ta ƙi a janye shi daga jikin bangon. Baffa ya ja ni gefe ya ce akwai biki a Bande, a lallaɓa ta ta je ta kwana, kafin ta dawo an gama, in ya so ta yi fushinta ta huce. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ita ma kamar ta ji mu, ta aika da gudummawarta ta ce ƙafa ta hana ta zuwa.

Watannin nan ban san yadda na yi su ba. Ina tsaye gaban allo ina koya wa yara kasa ƙasar Nijar jiha-jiha, idona yana taga yana duba gabas. Na san sarai abin da ke tafe: na rasa ɗaya, kuma hoton wadda na rasa zai danne mini ɗayar. Na faɗa wa kaina wannan da kalmomi ƙarara, ina tuƙa moto, don in ga ko zai tayar mini da hankali in yi wani abu. Akwai lokacin da na ji haushin Yaya, na ji haushin wushiryarta da ke kallon titi. Shi ma haushin bai zauna ba. Ina ci, ina salla, ina gyara takardun yara, in na ga gajimare in kira maƙwabcinmu in tambaye shi ko can ma ya haɗo.

A lokacin kuma ana ta dawo da mata daga arewa, a zuba su a manyan motoci a sauke a gari, kowace ta nemi hanyar ƙauyensu. Da yawa ta layinmu suke bi, kuma Inna ba ta barin ko ɗaya ta wuce. Kusan kowace sai ta ɗaga kai ta duba ta ce kamar ta taɓa ganinta. Wata ta ce a Tamanrasat, bakin wani masallaci. Wata ta ce can gaba, kusa da teku, har ta yi ƙiba. Inna ta yi ta tara garuruwan nan tana maimaita mini su, wasu ma ba ta iya faɗin sunansu daidai. Ni ina cewa to.

Wata Asabar da hantsi, zafi ya riga ya sauko, wata mata ta zo ta zauna a gindin bangon tana jiran moton da zai kai ta wani ƙauye bayan Sassumbrum. Sa'ar Yaya ce, ba ta da kaya sai ƙullin leda. Ba goyo a bayanta, amma tana ta kai hannu baya tana gyara zane. Inna ta ba ta ruwa, ta bari ta sha, sannan ta yi mata tambayar da take yi wa kowa.

Matar ta tashi ta ja baya ta duba. Ta daɗe tana dubawa, har na ɗauka ita ma za ta ambaci wani gari. Sai ta dawo ta zauna ta ce, “Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. In aka kwana biyu cikin rairayin nan, kowa haka yake komawa. Ni da ƙanwata ciki ɗaya muka fito, amma sai ta yi magana nake gane ta. Duk wadda ta ce miki ta gane wannan, tausayinki ta ji.”

Matar ta ci gaba, ba ma da Inna take ba, ƙasa take kallo. Ta ce, “Mun wuce su a hanya, da zuwa da dawowa. Wasu a zaune, wasu a kwance, wasu da goyonsu. Shofer ba ya tsayawa. Ni ba ƙishirwar ce ke hana ni barci yanzu ba. Abin da ke hana ni, ba wanda ya sauka ya rufe su. Suna nan a rana, kowa ya zo wucewa ya kalla.” Ta sake ɗaga kai ta dubi bangon ta ce, “Ita ma ga ta nan a rana.”

Motonta ya zo, ta hau ta tafi. Inna ta manta ba ta ƙulla mata gyaɗa ba. Ta zauna har azahar, sannan ta naɗe tabarmarta ta shiga gida. Washegari ba ta fito ba, ni kuma na koma Dungas ba mu yi maganar ba.

Juma'ar da ta biyo na tarar da ƙasa a kwaɓe a ƙofar gida, an rufe ta da buhuna, tana warin ruɓa. Na tambayi Baffa ko shi ya sa, ya ce shi ma tarar da ita ya yi. Inna ce ta aika aka kira mai amalanke, ita ta aika wa magini ya zo ran Asabar.

Da safe maginin ya fara da gindin bangon, ya cike ramin da tubali da laka, ya hau tsani ya ɗinke tsagar. Sannan ya kama yaɓe daga kusurwa yana matsowa, Baffa yana cura masa ƙasa ni ina miƙawa. Inna tana zaune a dakali da carbinta. Samarin fada sun taso sun tsaya daga nesa, mai zanen yana cikinsu. Ba wanda ya kira su. Aiki ya yi ta tafiya, farar ƙasar tana ɓacewa ƙarƙashin ja, har ya rage daga kafaɗar Yaya sai ɗan taki. Maginin ya karɓi curi daga hannuna, ya ja hannu baya zai maka.

Inna ta ce, “Tsaya. Mace ce.”

Ya tsaya da curin a hannu. Ta ce ya sauko. Ta aika aka kira wasu tsofaffi biyu na bayan layinmu, waɗanda ake kira duk lokacin da mace ta rasu a unguwa, su ne masu wanka da sutura. Suka zo ba su tambayi komai ba, da alama ta riga ta gaya musu. Wasu matan maƙwabta suka fito da zannuwa suka miƙe su suka kare wurin. Inna ta cire carbinta ta ba ni, ta naɗe hannun rigarta, ta ce, “Maza ku ba mu baya.”

Muka juya, ni da Baffa da magini, muna kallon titi. Samarin fada ma suka juya, suna kallon katangar wani. Wani ɗan kabu-kabu ya shigo layin a guje, ya ga jerin maza sun ba bango baya, ya kashe moto ya sauka ya tura shi da hannu. Na bayansa ma haka.

Ban ga komai ba, ji kawai na yi. Magini in yana yaɓe maka ƙasar yake, kana jin ƙararta daga ƙarshen layi. Wannan kuwa ba ƙara, sai ɗan sautin tafin hannu yana shafawa. Na ji ɗaya tsohuwar ta yi bisimilla. Na ji Inna ta ce, “Ƙaramar tukuna.” Can kuma ta ce, “Ku fara ta dama.” An jawo turmi an kifa don ta taka, na ji ana ce mata ta yi a hankali, ta ce a sake ta, fuskar ita za ta yi. Laka tana bushewa a hannuna tana ja mini fata, ƙuda yana ta sauka a kunnen Baffa bai kore shi ba. Ni abin da nake tunani shi ne ko ƙasar da ta rage za ta isa a gama ɗaya kusurwar.

Sai Inna ta ce, “To, ku juyo.”

An sauke zannuwan. Bango ne ja, jiƙaƙƙe, daga wannan kusurwa zuwa inda aka tsaya. Wurin da matan suka yi bai kai na magini sumul ba, duk sawun yatsu ne. Maginin ya ɗauki ruwa zai bi ya daidaita, Baffa ya riƙe masa hannu. Inna tana tsaye gefen turmin, laka har gwiwar hannunta, har a gefen kallabinta. Ba ta kuka. Tsofaffin suna wanke hannu a bokiti.

Ba wanda ya san abin da ya kamata a yi, don ba a taɓa yin irin wannan ba. Mutane suna tsaye cike da layin, ba mai tafiya. Sai mai zanen ya fito daga cikin samarin ya tsallako titi, ya cire hularsa. Ya zo gabana ya miƙo hannu biyu, ya ce, “Mushe, ya haƙuri?”

Tunda Yaya ta tafi ba wanda ya taɓa yi mana wannan gaisuwar, don ba wanda ya isa. Na bar hannunsa a miƙe, na juya na dubi Inna.

Ta ce, “Auta, ka amsa masa mana.”